Wanda Afnan Ta Kira

Da safiyar wata Lahadi, cikin sanyin Nuwamba, wani mai sharar titi ya tsinci yarinya kwance a kan benci a bakin kogin Saône, a birnin Lyon. Ba ta san inda kanta yake ba, bakinta kuma sai warin giya. Ƴan kwana-kwana suka kwashe ta zuwa asibiti. A aljihunta aka samu katin izinin zama a ƙasar mai sunan Rakiya Mai Moussa, ɗaliba, shekara ashirin da huɗu, haihuwar Damagaram. Likitoci suka rubuta sunan, suka ɗaura mata ruwa, suka bar ta ta farfaɗo kamar yadda ake barin duk babban da ya sha ya yi tatul. Ba wanda ya nemi iyayenta, don a takarda ba yarinya ba ce.

Sai da jikin ya rikice da yamma ƴan sanda suka kira gidan ɗaliban da ke rubuce a katin, can Saint-Denis, arewa da Paris. Rakiya da kanta ta zo ta amsa waya. Da aka aiko mata hoton mai jinyar, sai ta dafe ƙirji. Afnan ce, ƴar shekara goma sha shida, wadda take koya wa lissafi duk Laraba, ɗiyar Alhaji Abdul'aziz, babban ma'aikaci a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Afnan da sikila aka haife ta. Giya da sanyi da jinkiri suka haɗu suka tayar da ciwon, har likitoci suka sa ta barcin magani, ba ta magana, ba ta motsi.

Mutanenmu na Paris kuwa, Allah ya ba su kunne da baki. Wani ɗalibi da ke koyon aiki a asibitin ya ga sunan tun da safe ya buga wa abokinsa, abokin ya buga gida. Kafin azahar labari ya shiga Damagaram cewa an tsinci Rakiya ɗiyar Mai Moussa a buge a bakin kogi. Da gaskiya ta fito, maimakon a ji kunya sai aka juya zancen: to ai ita ta ba yarinyar katin, ita ta lalata ƴar mutane. Ƴan sanda ma suka kira ta. In ta tabbata ita ta bayar, za a karɓe mata takardun zama, karatun digirin da ta kusa kammalawa ya bi ruwa.

*

Malam Hassoumi tafinta ne a wata kotu a arewacin Paris, amma ba don wannan ake nemansa ba. Mutumin Tahoua ne, tsohon jandarma, kuma mahaifinsa shi ake kira a da in an sace raƙumi, ya bi sawu har inda ɓarawo ya kwana. Hassoumi ya gaji wannan hali. In abu ya shige wa mutane duhu, kuma suna jin nauyin kai shi gaban Nasara, gidansa suke zuwa.

Alhaji Abdul'aziz ya zo da kansa, ya dawo daga Lyon don ya shigar da ƙara. Babban ɗansa Salisu, saurayi ɗan jami'a, shi ya tuƙo shi, ya gaishe da Hassoumi ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Aka yi gaisuwa, aka jajanta, sannan Alhaji ya shiga magana.

“Malam Hassoumi, yarinyar nan Rakiya na sa ta cikin gidana, ta ci da mu, ta sha da mu. Ga sakayyar da ta yi min. Afnan ta ce mana za ta yi hutun ƙarshen mako gidan ƙanwata Zeinabou a Lyon, ashe Zeinabou ba ta ma san da zancen ba. Wa ya koya mata wannan ƙarya? So nake ka samo min shaida. Wanda duk ya sa wa ɗiyata katin nan a hannu, wallahi ba zan raga masa ba, ko ɗan waye.”

“Ko ɗan waye, Alhaji?”

“Na faɗa na ƙara.”

“To zan bi,” in ji Hassoumi. “Amma ka sani, ni ba Rakiya zan bi ba. Sawu zan bi. Inda ya tsaya, nan zan tsaya.”

Ƙwalla ta cika wa Alhaji ido. Ya ce mai sharar da ya tsince ta ya shaida wa ƴan kwana-kwana cewa tana ta kiran babanta. “Ni take kira, Malam, ina nan Paris ina barci.” Abin ya taɓa zuciyar Hassoumi ƙwarai, don shi ma uban ƴaƴa mata ne.

*

Rakiya ta buɗe masa ƙofar ɗakinta idanunta a kumbure. Littattafai ko'ina, tukunyar shinkafa a kan tebur ba a taɓa ba.

“Tonton, je te jure, na rantse maka, kawu, ban ba ta ba. Ranar Jumma'a na duba jaka ban ga katin ba. Na ɗauka a labo na bar shi, ɗakin bincikenmu na makaranta, na ce sai Litinin in duba.”

“Afnan ta taɓa roƙon ki aronsa?”

“Sau ɗaya, cikin wasa. Ta ce ƙawayenta duk suna shiga gidan rawa da katin yayyensu, ita kaɗai ake bari a gida kamar tsohuwa, kullum ana ce mata kar ki sha sanyi, kar ki gaji. Na yi mata faɗa, na ɗauka ta wuce.”

“Kin gaya wa ƴan sanda haka?”

“Na gaya musu. Shi ya ƙara sa suka zarge ni.”

Hassoumi ya girgiza kai. Mai gaskiya ce kaɗai za ta miƙa wa masu tuhumarta irin wannan magana da hannunta. Ya tambaye ta gida fa, sai ta fashe da kuka.

“Inna ta daina zuwa kasuwa. Mata na zuwa jaje kamar an yi mutuwa. Na ce mata ba ni ba ce, ta ce ita ta yarda, amma garin fa? Tonton, ko an kore ni zan iya jurewa. Abin da aka yi wa Inna ne ba zan iya ba.”

“Share hawayenki, ɗiyata. Ban yi miki alkawarin komi ba sai guda: ba ni ajiye wagga magana sai na ga ƙarshenta.”

*

A Barbès, ƙarƙashin gadar da jirgin metiro ke bi yana girgiza kunnen mutane, akwai wani ɗan shagon waya na Ilya, mutumin Maraɗi. An daɗe ana raɗe-raɗin yana gyara wa mutane takardu, kuma tun da abin nan ya faru rabin jama'a suka ɗora masa, wai shi ya gyara wa Afnan katin Rakiya. Ilya na ganin Hassoumi ya ajiye wayar da yake kwancewa.

“Na san za ka zo, Malam. Ni dai duk abin da ya lalace a Paris, Ilya ne. Ko ruwan sama ya yi yawa, Ilya ne.”

“To, kai ne?”

“Katin nan an taɓa shi? An canja hoto?”

“Ba a canja ba.”

“To me ya kawo ni ciki? Yaran yanzu ba su bukatar mai gyara. Masu gadin ƙofar gidan rawa baƙar fuska duk ɗaya ce a wurinsu. Yarinya ta ɗauki katin yayarta, ta sa jan baki, shi ke nan ta zama babba. Kuma bari in gaya maka, ranar Talata Rakiya ta zo nan ta sayi katin kiran gida. Da ta buɗe jaka na ga katin zaman da idona, don har na tsokane ta kan hoton, na ce kamar an kamo ta da laifi.”

Hassoumi ya yi murmushi. Ilya bai san amfanin abin da ya faɗa ba. Talata katin na cikin jaka, Jumma'a babu. Tsakaninsu akwai Laraba, ranar da Rakiya ke ajiye jakarta a falon Alhaji ta shiga ɗakin Afnan da littafi. Wataƙila Afnan ce ta ɗauka da kanta. Amma ƴar goma sha shida da ba ta taɓa shiga jirgi ita kaɗai ba, wa ya raka ta Lyon, wa ya san gidan rawar? Wannan tambaya ce ta sa shi sayen tikiti.

*

A Lyon ya samu mai sharar a bakin aikinsa, wani dattijo ɗan Aljeriya mai hular ulu. Suka gaisa irin ta Musulmi, dattijon ya kai shi har bencin.

Hassoumi ya daɗe yana duban wurin. Bencin na bayan wata katanga, iska ba ta bugunsa kamar sauran da ke jere a bakin ruwa. Wanda ya faɗi don maye ba ya zaɓen wuri. An kawo ta ne, an zaɓa mata.

“Yaya ka same ta?”

“Kwance a gefen dama, an naɗe mata gyale an sa ƙarƙashin kai. Ga kwalbar ruwa a kusa. Abin da ya ba ni mamaki, hannuwanta. An sa mata safa a hannu biyu, safar namiji, baƙa.”

Safa a hannu. Mai sikila sanyin yatsu yake tsoro, ruwa kuma yake bukata. Wanda ya yi wannan ya san ciwonta, yana kuma son ta, amma duk da haka ya tafi ya bar ta.

“An ce tana kiran babanta.”

“Sosai, baiwar Allah.”

Aikin kotu ya koya wa Hassoumi abu guda, cewa magana in ta bi ta bakin mai fassara ba ta fitowa yadda ta shiga. Ya ce, “Ka yi haƙuri. Ba ma'anar nike so ba. Mi ta ce da bakinta?”

Dattijon ya ɗan yi tunani. “Cewa take, Abba, Abba, ne me laisse pas. Kar ka bar ni. Abba ai uba ne, ko a wurinku ba haka ba?”

“Wani lokaci,” in ji Hassoumi.

Ya sha zuwa gidan Alhaji da Salla, ya sha jin yaran suna kiran ubansu. Papa suke cewa, kamar duk yaran da suka tashi a nan. Ba Alhaji Afnan ke kira ba. Amma duk Paris ya duba a ransa, bai san wani Abba da ke shiga gidan nan ba.

*

Hajiya Zeinabou, ƙanwar Alhaji, na zaune a hawa na sama a ɗaya daga dogayen benayen Les Minguettes, kudu da Lyon, kuma nan iyalin suka sauka don kusa da asibiti. Hassoumi ya tarar da ita ita kaɗai a falo, sauran sun tafi dubiya. Ta kawo masa shayi tana ta ƙorafi, irin na mai gidan da baƙi suka ƙi cin abincinta.

“Kowa ya ƙi ci, Malam. Yaya ba ya ci, matarsa ba ta ci. Abba kuwa tun da suka dawo jiya yana ɗaki, ko asibitin ya ƙi zuwa, wai ba zai iya ganin ta haka ba.”

Hassoumi ya ajiye kofin a hankali. “Wane Abba, Hajiya?”

“Abbanmu mana, babban ɗan Yaya. Sunan marigayi mahaifinmu aka sa masa, ga shi ɗan fari. Wa zai iya kama wannan suna a gidanmu? Ku na waje ne kuke faɗa.”

Hassoumi ya dubi ƙofar ɗakin da ke rufe. Bai ji daɗin nasara ba ko kaɗan, baƙin ciki ne ya rufe shi. Ya tuna saurayin da ya tsaya a bakin ƙofarsa yana jin ubansa na cewa ni take kira, bai ce uffan ba. Ya so ya ƙwanƙwasa su yi magana su biyu, a rufe zancen cikin gida. Sai ya tuna wata tsohuwa a Damagaram da ta daina zuwa kasuwa. A bainar jama'a aka ɓata Rakiya, ba za a wanke ta a bayan ƙofa ba.

*

Ranar Lahadin da ta zagayo Hassoumi ya tara su a falon Hajiya Zeinabou. Ga Alhaji da matarsa Hajiya Latifa, ga Salisu a gefen kujera yana kallon ƙasa. Rakiya ta zo daga Paris bisa kiran Hassoumi, Ilya ya rako ta, ya ce tunda sunansa na ciki gara ya ji da kunnensa. Alhaji bai amsa gaisuwar Rakiya ba.

Hassoumi ya fara da Ilya, ya ce ba a taɓa katin ba, don haka babu hannunsa. Ya ce katin ya ɓace ne tsakanin Talata da Jumma'a, kuma a cikin gidan Alhaji jakar ta yini ranar Laraba. Sannan ya juya ga uwar.

“Hajiya, in sanyi ya kama Afnan tana ƙarama, mi kike sa mata a hannu?”

Hajiya Latifa ta dube shi da mamaki. “Safa. Ba ta son safar hannu, tana cewa ƙaiƙayi take mata. Sai in sa mata ta ƙafa. Wa ya gaya maka?”

“Wa ya san da wannan?”

“Mu na gida kaɗai.”

“Rakiya ta sani?”

“Ina za ta sani? Tun Afnan na firamare aka daina.”

“An same ta da safar namiji a hannu biyu, an kwantar da ita inda iska ba ta bugu, an ajiye mata ruwa.” Ya juya ga uban. “Alhaji, an ce maka kai take kira. Mai sharar bai yi ƙarya ba, fassara ya yi. Na tambaye shi kalmar da ta fito bakinta. Cewa take, Abba, kar ka bar ni.”

Hajiya Zeinabou ta toshe baki da gyale. Alhaji bai waiwaya ya dubi ɗansa ba, ya ƙura wa bango ido kamar wanda ke jiran a ce masa kuskure aka yi.

Salisu ne ya yi magana. Ya ce ya daɗe yana sha a ɓoye, Afnan ta gane, ta ce ko ya tafi da ita bikin ɗalibai na Lyon ko ta faɗa. Shi ya zare katin daga jakar Rakiya, da niyyar mayarwa Laraba mai zuwa. A gidan rawar abokansa suka yi ta cika mata kofi, tana dariya, tana cewa yau ita ma mutum ce kamar kowa. Da ta faɗi ya fito da ita.

“Na ɗauka barci za ta yi ta tashi. In na kira ƴan kwana-kwana za su kira Papa. Na je neman mota in kai ta wani wuri, na rasa, ni ma kaina ba daidai yake ba. Da na dawo na hango ana ɗaukar ta.”

“Ai da sai ka bi su ka ce ƙanwarka ce, tana da sikila,” in ji Hassoumi.

Kowa a falon ya gane jirgin Paris Salisu ya hau ya koma gida. Kalma guda daga bakinsa da ta ishi likitoci tun da safe, amma ya bar ta ta yini da sunan wata.

Hajiya Latifa ta yi kuka mai cin rai. Alhaji ya ce da Hassoumi, murya ƙasa-ƙasa, “Gobe zan kai shi wurin ƴan sanda da kaina. Na janye ƙarar.” Ya juya ga Rakiya. “Ɗiyata, na zalunce ki. Faɗi abin da kike so in yi.”

Rakiya ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ciro wayarta ta danna lamba, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta miƙa masa.

“Inna ce. Ka gaya mata.”

Alhaji ya karɓa da hannu biyu. Aka yi gaisuwa, ina yini, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki. Ya bayyana kansa, ya ce Rakiya ba ta sha komai ba, ba ta ba kowa komai ba, sace katin aka yi a gidansa.

“Wa ya sace?” in ji tsohuwar.

“Yaron gidana ne, Hajiya.”

“Yara nawa gare ka?”

“Babban ne.”

Ana jin kukan awaki a wayar daga can nesa. Da tsohuwar ta sake magana ba ta ɗaga murya ba.

“Alhaji, ka yi min haƙuri. Ɗiyata an kama sunanta da na ubanta a kasuwa, a gidan biki, har a ƙofar masallaci. Gobe mata za su tambaye ni waye. In ce musu wani yaro? Shi ba shi da suna?”

Hajiya Zeinabou ta ce, “Yaya,” a hankali, kamar mai roƙo. Hassoumi ya sunkuyar da kai, don ya san abin da ake nema a wurin mutumin nan. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna Alhaji bai taɓa furta shi ba, kunyar ɗan fari da girman mahaifi sun hana shi. Ya sha tunanin ranar da za a kira sunan nan a taro, ranar karɓar digiri ko ɗaurin aure, yana zaune yana jin daɗi a ransa.

Alhaji ya dubi ɗansa, karo na farko tun da aka zauna. Ya matso da wayar kusa da bakinsa.

“Salisu ne sunansa, Hajiya. Salisu Abdul'aziz. Ki faɗa wa duk wanda ya tambaya.”